Tafiyar Salla Ɗaya

Baba Ila bai taɓa auna hanya da kilomita ba, kuma bai ga dalilin da zai sa ya fara da tsufansa ba. Shekara talatin ya yi yana bin ayarin Buzaye, yana kai geron Damargu arewa, yana dawowa da gishiri da dabino, duk tsawon shekarun nan kuwa da salla yake ƙidaya tafiya. In ka tambaye shi nisan Tanut daga ƙauyensu na kwarin Tarka, sai ya ce maka a kan raƙumi salla goma sha biyu ce, a mota kuwa biyu, in direban ba mai tsayawa shan shayi a kowane gari ba ne. Haka ya raba duniya duka, kuma bai taɓa ɓata ba.

Abdulhafiz shi ne autansa, wanda aka tura karatun likita Kazablanka, can ƙasar Maroko, shekara shida da suka wuce. Ranar da zai tashi daga Yamai, inda ya shafe wata guda yana bin takardu, ya kira gida bayan azahar. Tsohon ya hau tudun bayan gari, domin nan kaɗai ake samun rezo na kiran waya, ya kara salula a kunnensa mai ɗan sauran ji, ya ji yaron na cewa ga shi zai shiga jirgi. Baba Ila bai sauka daga tudun ba. Nan ya shimfiɗa buzunsa ya yi la'asar, yana zaune yana jan carbi, rana ba ta ko yi ja ba, salula ta sake ƙara. Abdulhafiz ne, wai ya sauka.

Tsohon ya tambaye shi sau uku ko ƙarya yake yi. Yaron ya yi dariya ya ce, "Ka gani, Baba? Salla ɗaya ce tsakaninmu. Duk ranar da ka neme ni, kafin ka yi ta gaba na iso."

Magana ce irin wadda yaro ke yi don ya kwantar da hankalin tsoho, shi kansa ya manta da ita kafin ya ɗauki jakarsa. Baba Ila kuwa ɗaure ta ya yi a bakin rawani. Babu wanda bai ji ta ba a kasuwar Gangara. In farin layin nan da jirgi ke bari ya ratsa sama, sai ya nuna shi da sanda ya ce ga hanyar ɗansa can, ta kan gonarsa ma ta bi. In wani ya yi masa jaje wai yaro ya yi nisa, sai ya ce wane irin nisa, ai wanda ke Damagaram ya fi shi nisa. Shi da kansa ya hana yaron zuwa hutu, ya ce ya zauna ya gama abin da ya kai shi, tun da ba wani wuri ya tafi ba.

Wadda duk wannan ya faɗo wa a ka ita ce Zalika, babbar ƴarsa. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta mata biyu suna gidajen mazansu, ta dawo gidan uba da akwatinta da awaki uku. Daminar bana da ciwo ya kwantar da tsohon, ita ce noma, ita ce daka, ita ce rijiya, ita ce juya shi in gefe ɗaya ya gaji. Gero ya fid da kai, tsuntsaye sun sauko masa, ba ta da lokacin zuwa kora. Tafin hannunta ya tsage, bayanta in ta sunkuya sai ta dafa gwiwa kafin ta miƙe. Ta kai inda in an gaishe ta da gajiya ba ta ma iya cewa babu gajiya, sai dai ta gyaɗa kai ta wuce.

Ta kai shi asibitin Belbeji a amalanke. Majo, babban malamin asibitin, ya danna ƙafafun da suka kumbura, ya saurari ƙirji ya daɗe, sannan ya ja ta gefe. Ya ce a mai da shi gida a riƙa ba shi abin da ransa ke so, in kuma akwai na nesa, a kira su. Zalika ba yarinya ba ce, ta san abin da ake nufi da wannan magana.

A hanyar dawowa ta ce wa Baba za ta hau tudu ta kira Abdulhafiz. Yana kwance a amalanke, ta yi masa inuwa da zanenta, sai ya kama hannunta da ƙarfin da ba ta san yana da sauransa ba. Ya ce ai yaron ya faɗa musu ranar Litinin mai zuwa zai yi jarrabawarsa ta ƙarshe, wadda daga ita sai a kira shi likita. Shekara shida ana jiran rana ɗaya, a tada masa hankali saura kwana biyar? Ya ce ya bi raƙuma masu yawa har inda suka durƙusa, ya san alamar abin in ya matso, kuma in ya ga alamar zai faɗa mata. Salla ɗaya ce. Me ake ci da gaggawa?

Maganar ba ta kwanta mata ba. Ita ba ta taɓa wuce Tanut ba, amma ta tuna lokacin da yaron zai tafi, kwana uku suka yi kafin su ji ya isa Yamai. Ranar Asabar, da tsohon ya samu barci, ta rufe tukunya ta nufi gidan Mushe Falalu, shugaban lakwal, makarantar bokon ƙauyen, wanda shi ya koya wa Abdulhafiz rubutu. Ta same shi ya dawo daga gona, ko ƙafa bai wanke ba. Da ya ji abin da ke tafe da ita ya ɗauko makulli ya buɗe aji, inda wata tsohuwar taswira ke rataye, gara ta cinye mata kusurwa ɗaya.

Ya tsinko tsinken tsintsiya ya ɗora kansa a bakin teku ya ce nan ne Kazablanka, ya kai ɗaya kan ƙasa ya ce nan ne Yamai. Kilomita dubu biyu da ɗari huɗu ne, ko kusa da haka, kuma gaskiya ne jirgi na cinye su cikin awa uku da rabi. Sannan ya karya tsinken ya ɗauki guntun da bai kai rabi ba, ya shimfiɗa shi daga Yamai zuwa gabas, ya ce nan kuma suke.

Zalika ta ce ita ba ta san kilomita ba, ya faɗa mata da salla.

Mushe Falalu ya fara lanƙwasa yatsu. Da farko jirgin ba kullum yake tashi ba, sai a jira shi. In ya sauka Yamai sai a kwana, domin kar, babbar motar fasinja mai zuwa Damagaram, da asuba take tashi, ba ta isa sai bayan isha. A sake kwana. Da safe a nemi motar Tanut a jira ta cika, a sauka Sabon Kafi, a jira wata mai shiga yamma, a bi rairayi zuwa Gangara, daga can kuma sai abin da aka samu. Yatsun hannu biyu suka ƙare, ya sake farawa. Ya ce in komai ya tafi daidai, goma sha biyar. In kuma ruwa ya sauka kori, rafin da ke yanke hanya, ya cika, shi bai san lissafin ba.

Ta tsaya tana kallon guntun tsinken nan. Ɗan abin da bai kai rabi ba shi ne zai ci kwanaki, dogon kuwa kafin ta daka hatsi ta tankaɗe an wuce shi. Ta yi masa godiya ta fita.

Ta yi ƙoƙari, kada wani ya ce ba ta yi ba. Ta durƙusa bakin gadon karan ta sa baki a kunnensa ta jera masa komai, da kar da kwanan hanya da kori. Baba Ila ya saurara har ta gama, sannan ya yi ƴar dariyar da ta koma tari. Ya ce Falalu yaron kirki ne amma bai san tafiya ba. Jirgin nan ta kansu yake wucewa, kowa na ganin layinsa. Wane mahaukaci ne zai wuce ƙofar gidansu ya tafi Yamai don ya dawo da baya? Mota ma in ka zo daidai garinku bugun rufi kake yi direba ya tsaya. Akwai fili a Tanut, shekarar babban fari da idonsa ya ga jirgi ya sauka can da buhunan taimako. Abdulhafiz zai yi wa direban magana, mutum zai ji ubansa ne ba lafiya, ai ba zai ƙi ba.

Ta ce, "Baba, ba haka ake yi ba."

"Kin taɓa shiga?"

Ba ta taɓa ba. Ya ce shi kuwa da kunnensa ya ji, tsakanin azahar da faɗuwar rana. Ya juya fuskarsa bango, ya ce in ta kira yaron nan kafin ya aje alƙalami ranar Litinin, bai yafe mata ba.

Duk mai cewa ai da ta kira yaron kawai, ubansa bai taɓa faɗa masa wannan kalma yana kwance a gadon ciwo ba. Sau biyu ranar Lahadi ta hau tudun, salula a ƙulle a bakin zane. Sau biyun ta zauna a kan rairayi tana kallon gonarta da tsuntsaye suka yi wa baƙi, ta sauko ba ta danna komai ba. Haushin uban take ji, da haushin ƙanen da ya yi magana ba tunani, da haushin kanta, amma ko ƙarfin yin fushin sosai ba ta da shi.

Ranar Litinin ta kawo masa ƙwaryar rairayin da yake taimama da ita, ta ɗaga masa hannuwa ya shafa, ya yi azahar a kwance. Da ya sallame ta gyara masa kwanciya. Numfashinsa ya canza tun safe, yana ja yana tsayawa. Ya tambaya ko yanzu yaron ya gama. Ta ce da safe aka ce za a yi. Ya ce to, ta je ta kira shi.

Abdulhafiz ya ɗauka da murna a baki, yana shirin ba ta labarin ya ci. Da ta faɗa masa, sai ta ji hayaniyar motocin garin nan kawai a kunnenta. Ya yi mata tambayoyi irin na likita, ƙafa da fitsari da numfashi, kowace amsa ta ba shi muryarsa na ƙara yin ƙasa. Daga ƙarshe ya ce, "Yaya, me ya sa sai yanzu?" Ta buɗe baki, ta ga labarin ya fi ƙarfinta tsawo, ta ce ya dai taho. Ya ce zai duba. Ta jira a kan tudun cikin rana har ya sake kira, ya ce babu jirgi sai gobe da yamma.

Ta shiga ɗaki ta tarar tsohon ya sa an gyara masa hula. Maƙwabciyar da ta bar masa ce ta sa masa. Fuskarsa ta saki kamar ba shi ba. Ya ce kada ta kawo masa ƙwaryar la'asar, zai jira yaron su yi tare, shi zai ɗaga masa hannu yau ta huta. Sannan ya ƙara, a hankali, cewa mutanen garin nan sun daɗe suna faɗa masa wai wanda ya sha ruwan can ba ya waiwayen gida. Yau za a gani. In la'asar ta wuce bai zo ba, to ba hanya ce ta hana shi ba.

Zalika ta tsaya a bakin gadon. Mutuwar ta riga ta haƙura da ita tun a Belbeji. Abin da ba za ta iya ɗauka ba shi ne tsohon nan ya tafi yana ganin autansa ya ƙi shi, ya tafi da fushin yaron a ƙirji, yaron kuwa yana can yana gudu a hanya. Ta duba ɗakin. Idon Baba ya daɗe da yin hazo, kiran sallar Malam Sahabi, limamin ƙauyen, ya fi shekara bai shiga kunnensa ba. Ita ce agogonsa. Sai ta ce masa lokaci ya yi yake sanin ya yi.

Ta ɗauko bargon raƙumin da ya rage masa tun zamanin ayari ta rataye a ƙofa. Ta cusa tsumma a ƴar tagar. Ta kunna fitila mai batir ta aje a kan tukunyar ruwa inda haskenta zai riƙa faɗa masa a fuska.

Ya yi barci ya farka ya ce, la'asar ta yi? A waje an riga an sallame magariba, awaki sun shigo suna kuka. Ta ce, "Da saura, Baba."

Haka aka shiga Talata. Ya kan nutse ya daɗe, ya taso ya yi tambayar nan tasa, ta ba shi amsar nan tata, ta ɗiga masa ruwan fura a baki. Ita kuwa in lokaci ya yi sai ta zagaya bayan rumbu ta yi tata sallar a ɓoye kamar mai sata, in ta kai goshi ƙasa ta rasa abin da za ta roƙa. Mace mai shekara arba'in da ɗoriya, wadda ba ta taɓa barin azahar ta haɗu da la'asar ba ko ranar da take naƙuda, yau ita ke hana ubanta salla a gaɓar da ya fi bukatarta. Tana ƙirga su ɗaya ɗaya. Kowacce ta wuce sai ta ji an ƙara mata kaya.

Malam Sahabi ya zo dubiya. Ta tare shi a zaure ta faɗa masa gaskiya, ta roƙe shi kada ya ambaci lokaci. Ya shafa gemu ya ce marar lafiyan da hankalinsa ke zuwa yana tafiya Allah ba ya kama shi, amma ita da ke da hankalinta, shi ba zai ce mata ta yi daidai ba. Ta ce ba ta ce ya faɗa ba. Ya shiga ya yi wa tsohon addu'a ya fito, bai ce komai game da rana ba, bai kuma kalle ta ba da zai wuce.

Laraba da hantsi ta hau tudu, Abdulhafiz ya ce yana cikin kar, sun wuce Doso. Ya ce jiya tun kafin ya gama shan abin da aka ba su a jirgi aka ce a ɗaura ɗamara za a sauka, yanzu kuwa awa huɗu yana zaune gwiwarsa a bayan kujerar wani, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba su ci ba. Ya roƙe ta ta kai wa Baba salula ya ji muryarsa. Ta ce rezo ba ya sauka gari, tsohon kuma in an ɗaga shi ba zai kai tudu ba. Tana saukowa ta ga gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Ruwan da aka yi sati biyu ana roƙo, ranar ya ga dama ya zo. Ya zuba tun azahar har rana ta faɗi, manoma na murna, ita tana tsaye a bakin ƙofa tana jin kwari na cika.

Alhamis da sassafe ta shiga da fura. Batir ya yi sanyi, fitilar ta koma ja. Ta iske idonsa a buɗe, hankalinsa garau, irin garau ɗin da ta taɓa gani a fuskar mijinta ranar ƙarshe. Ta jira tambayar, amsar na bakinta. Bai yi ba.

Ya ce, "Zalika, goma sha huɗu."

Ta aje ƙwaryar. Lissafinta ke nan daidai, daga la'asar ɗin Litinin zuwa asubar yau.

"Shekara talatin ina sanin lokaci da zafin bayan raƙumi," in ji shi, yana hutawa tsakanin kalmomi, "ke za ki ɓoye mini rana da bargo? Bango na yin zafi, yana yin sanyi. Ga ƙamshin ruwan jiya."

Ta zauna a ƙasa. Ta ce me ya sa bai faɗa ba, ya bar ta tana ta yi masa ƙarya. Ya ce shi ma so yake la'asar ɗin ta jira, in tana cewa da saura sai ya ji kamar da sauran. Ta fara cewa sallolin fa, ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan tabarma ya nuna mata yadda yake shafa bangon ƙasar da ke gefensa in ta fita. Ko ɗaya bai bari ba, da ido ya yi su. Ya ce ta sauke wannan daga kanta, kayan da ke kanta sun isa.

Sai yanzu ta yi kuka, ba mai sauti ba, hawaye kawai ke zuba tana sharewa da bayan hannu. Ya tambaya ina yaron yake, ta faɗa masa gaskiya, cewa ya kwana Damagaram, yanzu yana hanyar Sabon Kafi. Baba Ila ya rufe ido yana motsa leɓe. Ta san abin da yake yi, hanyar yake bi, kowane tudu da kowace rijiya. Da ya zo korin da ke yamma da Gangara sai ta ga ya tsaya.

Ya ce, "Bai yi ƙarya ba. Ni ne na ƙirga sama na manta ƙasa, ni da ƙasa ta ci ƙafata." Ya huta. Ya ce ta matso, ya faɗa mata abin da za ta faɗa wa yaron, ya sa ta maimaita. Sannan ya ce ya yafe mata duniya da lahira, ita ma ta yafe masa kwana biyar ɗin nan.

Da hantsi rai ya yi halinsa, tana riƙe da kansa.

Ta hau tudu da gudun da ba ta san tana da shi ba, ta kira, aka ce ba a samun mai lambar. Ta sake, ta sake. Ta sauko ta durƙusa wa Malam Sahabi ta ce yaron na kusa, a jira shi. Ya ce za a jira azahar, saboda ita. Aka yi wanka, aka yi sutura, aka haƙa kabari a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Azahar ta yi, aka yi ta, mutane suka ƙara tsayawa suna duban hanyar gabas. Rana ta buɗe bayan ruwa, zafi mai gumi ya sauko. Liman ya aiko mata cewa haƙƙin mamaci ne a gaggauta masa, ba za a ƙara ba. Ba ta yi gardama ba. Tana daga cikin gida ta ji kabbara huɗu, ta ji takun maza ya yi nisa.

Goma sha biyar, in ji Mushe Falalu, in komai ya tafi daidai. Ta zauna a tsakar gida cikin mata masu gaisuwa, ana yi mata magana tana amsawa ba ta san me take cewa ba.

Maza sun dawo sun zazzauna a tabarmi a ƙofar gida, wasu ko ƙasar hannunsu ba su kakkaɓe ba, sai surutu ya ɗauke ɗif. Ta ɗaga kai. Wani dogon mutum mai gemu ne ya shigo ta zaure, jaka a ka, takalma a hannu, laka ta bushe masa har cinya. Sai da ya ce Yaya sannan ta gane shi. Motar da ya shiga ce ta kafe a korin Gangara tun kafin azahar, ya ratsa ruwa zuwa ƙugu ya tako sauran da ƙafa. Ya riga ya ga tabarmin, babu abin da za a faɗa masa.

Ya sauke jakar a hankali. Bakin jakar ya buɗe, Zalika ta hango kwalayen magani a jere a sama. Ya tambaya yaushe, ta ce da hantsi. Ya tambaya an kai shi, ta ce yanzu suka dawo. Ya duƙa ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya daɗe a haka. Da ya ɗago bai iya haɗa ido da ita ba.

"Ya jira ni?"

"Ya jira."

"Na ce masa salla ɗaya ce, Yaya. A hanya na tuna. Ni na faɗa masa."

Ta ce ya bar mata saƙo, ya kuma sa ta maimaita don kada ta canza. Ta faɗa yadda aka ba ta: "Ki ce masa la'asar ba ta yi ba na tafi. Ni na yi gaggawa, ba shi ya makara ba."

Abdulhafiz ya rufe fuska da hannuwansa masu laka. A waje Malam Sahabi ya gyara murya ya fara kiran salla. Zalika ta dafa gwiwa ta miƙe, ta je ta cire bargon daga ƙofar ɗakin, haske ya shiga har kan gadon karan da babu kowa. Ta cika butar Baba da ruwa ta kawo ta aje a gaban ƙanenta.

Ta ce, "Tashi ka wanke ƙafarka. La'asar ta yi."